Zafin bazara da ambaliya: yadda za ku tsare haƙƙin leburori da mutanen unguwa tun kafin abu ya faru

Toh jama'a, wannan rubutun na masu riƙe da mutane ne. Shugaban ƙungiyar magina, sarkin ’yan dako a kasuwa, ɗan kwangilar da ke da leburori goma ko ashirin a hannunsa, hajiyar da ke jagorantar mata masu turara shinkafa, mai unguwa, har da limamin da ake kawo wa ƙara in an samu saɓani. Magana ɗaya nake so ku riƙe, duk haƙƙin da ba a zauna an yanke shi ba tun kafin bazara ta kama ko damina ta sauka, toh ranar da yaro ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki ba za a same shi ba, abin da za a samu shi ne "Allah ya kiyaye gaba" da ’yar dubu biyar ta kuɗin mota, shike nan an rufe zancen.

Kuma zafin nan na yanzu ba wanda muka tashi muka sani ba ne, kar wani ya ce maka ai dama can mu ’yan rana ne. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ƙirga gawa 102 a kwana huɗun farko na watan, ga shi ana cikin azumi ga wuta babu. A aikin Hajjin 2024 fiye da mutum 1,300 suka rasu, akasari saboda zafi. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO ta fitar da rahoto a 2024 cewa ma'aikata sama da biliyan 2.4 ne ke aiki cikin zafin da ya wuce kima, kusan 19,000 na mutuwa duk shekara dalilinsa, kuma a Afirka abin ya shafi fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki. Mu kam a Sakkwato da Maiduguri da Yola da Nguru, digiri 42 ko 43 a watan Afrilu ya zama abin da ko labari ba a yi da shi, alhali a cikinsa wani yake hawa tsani da kwanon sarki a ka.

Fara da agogo, domin shi ne wanda ba ya cin ko sisi. Ƙasashen Larabawa da ’yan uwanmu ke zuwa neman kuɗi sun daɗe da mayar da shi doka. A Saudiyya an hana aiki cikin rana daga 12 zuwa 3 na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. A Daular Larabawa 12:30 zuwa 3. Katar ta fi su tsanani tun 2021, daga 10 na safe har 3:30, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Mu a Najeriya ba mu da irin wannan dokar ta tsakar rana, kuma namu watannin ma daban ne, Maris da Afrilu da Mayu ne masu duka, don haka ku za ku yi wa kanku. Ku zauna a ƙungiyance tun watan Fabrairu ku yanke cewa a waɗannan watannin za a kama aiki da an idar da sallar asuba gari ya ɗan waye, a ajiye shebur wajen 12, a dawo bayan la'asar a ƙarasa. In oga ya ce aikinsa zai yi baya, ku lissafa masa awowin, za a ga ba su ragu sosai ba, wuri kawai suka sauya. In har yanzu yana gardama ku taɓo masa inda ya fi jin zafi, wato aljihu: kankaren da aka zuba da tsakar rana ruwansa na saurin ƙonewa, ya tsattsage tun bai kama ba, duk injiniyan kirki ya san haka, shi ya sa masu hankali suke zuba dekin da sassafe ko da yamma. Kuma wanda ya ce wai hutun rana lalaci ne a tuna masa cewa sallar azahar ma an yi umarni a ɗan jinkirta ta har gari ya sassauta idan zafi ya tsananta, toh ina ga ɗaukar bulo.

Sai dai akwai wani abu da ke rushe duk wannan tsarin, kuma shi nake so mu daɗe a kai, wato jinga. In ka ce wa mutum kuɗinka na kan adadin bulon da ka buga, ko buhun da ka sauke daga tirela, ko kuyyan da ka nome, toh ka riga ka hana shi hutu ba tare da ka buɗe baki ka hana ba, don duk minti goman da ya zauna a inuwa shi a lissafinsa kuɗin garin tuwo ne ya zube. Za ka kafa rumfa ka kawo ruwa, ka ga ba mai zuwa, ka ce ai su suka ƙi. Ba ƙi suka yi ba, yunwa ce ke lissafi. Abin yi guda biyu ne, ko dai a watannin zafi a koma biyan yini maimakon jinga, ko kuma a bar jingar amma a ɗaga farashin kowane bulo ko buhu daidai yadda wanda ya huta zai tashi da abin da ya saba tashi da shi. Sannan hutun ya zama na kowa a lokaci guda, mutum ɗaya ya riƙe agogo ya yi fito ko ya buga ƙarfe kowa ya ajiye, saboda in aka ce wanda ya gaji ya huta wallahi ba saurayin da zai yarda ya zauna abokansa na kallonsa suna kiransa rago. A rana mai tsanani, aiki mai nauyi kamar haƙa ko dako, ko minti goma sha biyar a kowace awa ba ta yi yawa ba. Kuma wannan ba zai yiwu a wajen aiki ɗaya kaɗai ba, in ku kun ce ba ku yi da tsakar rana amma ’yan layin baya sun ce su za su yi, an gama da ku, shi ya sa dole maganar ta fito daga ƙungiya, a sanar a masallaci da bakin kasuwa, kowa ya san farashin bazara daban yake. Sarkin yawa ai ya fi sarkin ƙarfi.

Ruwa kuma hakkin mai aiki ne ya kawo, ba lebura ne zai cire daga kuɗin yininsa ya sayi fiya wata ba. Dokar masana'antu ta ƙasa ma ta wajabta wa masu masana'anta su tanadi ruwan sha mai tsafta, ku ɗauki wannan ma'aunin ku shimfiɗa shi a wajen gini da gona da kasuwa. Yadda ake sha shi ne kofi guda duk bayan minti 15 zuwa 20, ko mutum bai ji ƙishi ba, ba wai a daure har azahar sannan a kafa kai a jarka ba. Kar kuma a wuce kamar lita ɗaya da rabi a awa, yawan ma yana da illa. A ajiye shi kusa, in ruwan na can bakin get mutum na hawa na biyu ba zai sauko ba. Randa ko tulu a inuwa, ko jarka da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu, sun fi baƙar jarkar da aka yasar a rana ta koma ruwan shayi. Wanda ya yini yana zufa gishirin jikinsa ma ya tafi, don haka a ajiye ’yan ƙullin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake jiƙa wa mai gudawa, in babu a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. Kuma ku koya wa yaranku duba fitsari, ba abin kunya ba ne, in ya yi ja ya yi kaɗan toh jiki ya bushe.

Inuwa ba ta buƙatar dogon bayani, tamfol da sanduna huɗu ko zana, in akwai darbejiya kusa an huta. Kawai dai kar a ce rumfar kwano mara iska ita ce wajen hutu.

Ku sa ido sosai a kan sabon zuwa. Lokacin da zafi ke tashi shi ne daidai lokacin da gari ke cike da ’yan ci-rani, yaro ya sauko daga mota jiya yau an miƙa masa diga, yana so ya nuna shi ma namiji ne don kar a sallame shi. Jiki na ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki mai nauyi cikin zafi, masana lafiyar ma'aikata cewa suke ranar farko a ba shi kamar kashi ɗaya cikin biyar na aikin, kullum a ɗan ƙara. Haka wanda ya tashi daga zazzaɓi ko gudawa, da dattijo, da mai hawan jini ko ciwon suga, da mai ciki. Su waɗannan a ba su aikin inuwa, jiƙa bulo, tsaron kaya, tankaɗe yashi a gefe, kuma kar a rage musu kuɗi a kan haka.

Akwai maganar ƙwaya da ba a son a yi, amma sai an yi. Da yawa cikin yaran nan da safe sai sun haɗiyi tiramol ko sun kora lemon ƙara kuzari kafin su iya, da dare kuma a je kemis a karɓo diclofenac ko ibuprofen na ciwon jiki. Tiramol na rufe wa mutum jin gajiyar da ita ce ke gaya masa ya tsaya, su kuma waɗannan magungunan ciwon jikin in suka haɗu da jikin da ba ruwa ƙoda suke ci a hankali. A ƙasar Nikaraguwa, garin Chichigalpa, masu saran rake dubbai sun mutu da ciwon ƙoda, matasa majiya ƙarfi waɗanda ba su da suga ba su da hawan jini, har ake kiran wani yanki na wajen tsibirin zawarawa, kuma da wani kamfanin sukari na can ya shigo da tsarin ruwa da hutu da inuwa na dole an ga raunin ƙoda ya ragu ƙwarai a tsakanin ma'aikatan. Duk wanda ya san kuɗin wankin ƙoda sau ɗaya a asibitocinmu ya san gidan lebura ba zai iya ko na wata guda ba. Masu rake a Maƙarfi da Numan, da masu aikin shinkafa a Kura da fadamun Kebbi, wannan da ku ake.

Yanzu in abin ya faru fa. Mataki na farko mutum zai ji jiri, ciwon kai, tashin zuciya, zufa kamar an watsa masa ruwa, jijiyoyin ƙafa na ɗaurewa. Wannan a kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwa ko ORS kaɗan kaɗan, kuma aikinsa na ranar ya ƙare amma kuɗin yininsa na nan cif. Wanda ke kisa shi ne in mutum ya fara sambatu, ko yana tangaɗi, ko ya yi faɗa ba dalili, ko ya suma, ko yana fizge-fizge, jikinsa ya yi zafi rau. Dan Allah a nan kar a tsaya cewa iska ce ta taɓa shi a tafi neman mai ruƙiya, a yi addu'ar ana aikin. A cire masa riga a kwarara masa ruwa mai sanyi tun daga wuya har ƙafa ana yi masa fifita da kwali, in akwai ƙanƙara a sa a wuya da hammata da matsematsi, in akwai baho ko duro da zai shiga a tsoma shi ana riƙe da kansa. Sanyaya jikin shi ne farko, ana yi ana neman mota, a cikin motar ma a ci gaba har asibiti. Kar a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, zai shaƙe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Tun kafin ranar ku san wane asibiti ne kusa, wane mai adaidaita sahu za a kira, kuma kuɗin kati da na ƙarin ruwa a hannun wa suke. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ku gwada ta a garinku tun yanzu ku ga ko ana ɗauka.

Kar kuma a ɗauka sai wanda rana ke duka kai tsaye. Masu gidan burodi a bakin tanda, maƙera, masu walda, kafintan da ke buga kwano a saman rufi, mata masu suyar ƙuli da turara shinkafa a ɗan tsakar gidan da iska ba ta ratsawa ga goyo a baya, ’yar aikin da ke kicin tun safe, duk lissafin ɗaya ne. Na mata ma ya fi wuya don da yawa suna ƙin shan ruwa da gangan saboda wajen aikin ba makewayi, toh in kana da mata a wajen aikinka kewaye ɗan wuri da zana yana cikin maganin zafi. In azumi ya faɗo a zafi kuma a mayar da aiki mai nauyi bayan asuba ko bayan tarawi, hukuncin wanda ya galabaita har yana tsoron halaka kuwa malamai sun yi bayaninsa, ku gayyato malaminku ya faɗa wa yaran da bakinsa tun kafin watan ya kama, don in kai ka faɗa ba za su ji ba.

Sai takarda. Na san mutanenmu da "ai mun yarda da juna", amma yarda ba ta zuwa kotu. Ba sai an nemo lauya ba, fallen takarda guda da Hausa ko da ajami ya isa: sunan mai aiki da na ma'aikata, lokacin kamawa da tashi, kuɗin yini ko na jinga, wa zai kawo ruwa, wa zai biya asibiti in an ji ciwo, sa hannu ko dangwale, shaidu biyu, kowa ya ɗauki hotonta a waya. Dokar ƙwadago ta ce mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma, wadda hukumar NSITF ke riƙe da ita, ta ce mai aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya, daga aljihunsa ba daga na ma'aikaci ba, don a biya wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ko ya rasu ta dalilin aiki, kuma abin da mutane ba su sani ba shi ne ta haɗa har da ɗan ƙwadagon wucin gadi da ɗan koyo da wanda aka ɗauka da baki kawai. Tana da wa'adi fa: a sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Gaskiyar magana yawancin ƙananan ’yan kwangila ko rajista ba su yi ba, amma in kuna yi wa babban kamfani ko kwangilar gwamnati aiki ku tambaya kai tsaye ko sunayenku na ciki. Kuma ranar da aka kai mutum asibiti ku roƙi likita ya rubuta cewa daga bakin aiki aka kawo shi da abin da ya same shi, ku adana kati da rasit, don in takardar ta ce zazzaɓi kawai toh maganar diyya ta mutu a nan. ’Yan uwa na Nijar ku naku ofishin sufeton ƙwadago ne da asusun inshorar ma'aikata, wato CNSS.

Mu koma damina, inda abin ya tashi daga kan ma'aikaci ya hau kan unguwa gaba ɗaya. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Najeriya ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu, a 2022 sama da 600 suka rasu, Jigawa na cikin waɗanda suka fi shan wuya. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare ruwa ya shanye babban ɓangaren Maiduguri, ya shiga Kasuwar Monday da asibitin koyarwa da gidan zu, ya rusa katangar gidan yari, kuma wannan madatsar ta taɓa yin haka a 1994. A ƙarshen Mayun 2025 Mokwa ta jihar Neja ta kwana da ruwa ta tashi da gawa sama da 150, mafi yawa a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. Ruwan sama na Allah ne, wannan ba gardama, amma gyaran madatsa da yashe magudana da sanar da mutane kafin a saki ruwa aikin wasu ne da ake biyansu albashi, kuma tambayarsu ba rashin tawakkali ba ne.

Abin da unguwa za ta yi tun a watan Afrilu ko Mayu shi ne ta kafa ɗan kwamiti, kar ya zama na dattawa zalla, a sa mata aƙalla biyu da matasa masu waya da wakilin ’yan haya. Aikinsu na farko rajista: kowane gida mutum nawa, ina tsoho yake, ina gurgu ko makaho, ina mai tsohon ciki, wace makarantar allo ce ke da almajirai nawa kuma a ina suke kwana. Wannan littafin shi ne zai yi muku aiki sau biyu, daren da ruwa ya zo ku san ƙofar da za a fara bugawa, ranar rabon tallafi kuma ku ajiye shi gaban jami'an SEMA ko NEMA, hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya, kafin wani ɗan siyasa ya zo da nasa jerin sunayen. Waɗanda ake mantawa kullum su ne ɗan haya, don a kan rubuta sunan mai gida ne shi kuwa yana can wata unguwa a bushe, sai bazawara mai marayu, sai matan da ba sa fita layi, sai baƙi ’yan ci-rani da ba wanda ya san sunansu. Ku rubuta kowa da sunansa. Kowane gida kuma ya ɗauki hoton takardun fili da katin ɗan ƙasa da na makaranta ya tura wa ɗan uwa a wani gari, ainihin takardun a ƙulle a leda a rataye sama. A ɗauki hoton gida da shago da gona ma tun suna tsaye.

Ku riƙa bibiyar hasashe. Hukumar hasashen yanayi NiMet na fitar da na damina a farkon shekara, hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna kuma na fitar da na ambaliya kafin ruwa ya kankama har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, a sa yaro ɗaya ya nemo a karanta a masallaci ranar Juma'a. In kuna ƙasan madatsa, Tiga ko Challawa ko Goronyo ko Bakolori, ko kuna bakin Binuwai inda ruwan Lagdo na Kamaru ke biyowa, ku je ofishin hukumar kogin da kanku ku karɓi lambar wanda ke sanarwa, ku ba shi lambobi uku naku. Mutanen Haɗeja da Nguru kun san yadda ciyawar kacala ke toshe hanyar ruwa, maganar cire ta a fara ta tun rani. Ku yanke tudun da za a gudu da hanyar da za a bi, kowa ya sani har yara, a kuma yarda da alama ɗaya, lasifikar masallaci ce ta fi. Yashe kwata kuwa aikin gayya ne da ba sai an jira kowa ba, sai dai in matasa za su shiga a nemo musu takalmin roba da safar hannu, kar a kare unguwa da lafiyarsu.

In kuna son sanin ina aka kwana kan gyaran wata madatsa ko kwalbati da aka ce an ba da kwangila, akwai dokar ’yancin samun bayanai ta 2011. Wasiƙa ce kawai za ku rubuta wa hukumar tarayyar da abin ya shafa ku faɗi takardar da kuke nema, ba sai kun faɗi dalili ba, doka ta ba su kwana 7 su amsa. Ku je da kwafi biyu a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku dawo da shi. Sau da yawa ba za su amsa ba, amma wannan kwafin mai hatimi in ya je gidan rediyo yana da nauyin da ihu ba shi da shi. Haka za ku tambayi ciyaman da ɗan majalisarku ina kason jiharku na asusun kula da muhalli ya tafi, da abin da shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wato ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 na jihohin arewa 19 da Abuja, ya tanada wa yankinku. In wani ya ce muku wannan ba haƙƙi ba ne alfarma ce, sashe na 24 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ya ce al'umma na da haƙƙin muhalli mai kyau, kuma Najeriya ta mayar da yarjejeniyar dokar cikin gida tun 1983.

Bayan ruwa ya janye sai a zo da maganar tashi, a ce kuna kan hanyar ruwa. Wani lokacin gaskiya ne, kuma ni ban ga amfanin a dage a zauna inda ruwa zai dawo baɗi ba. Amma tashi na da ƙa'ida. Ku nemi sanarwa a rubuce da wa'adi mai ma'ana, ku je ku ga sabon wurin da idonku kafin ku sa hannu, akwai ruwan sha, akwai makaranta, nisansa da gonakinku da kasuwarku nawa ne, don masunci da aka kai tudu mai nisa da kogi an ba shi ɗaki an ƙwace masa abinci. Dokar filaye ta 1978 in gwamnati ta karɓi wuri diyyar gini da shuka da abin da aka kashe a kai take biya, shi ya sa hotunan nan da ƙirgen itatuwa suke da amfani, kuma ranar da masu ƙiyasi suka zo kowa ya tsaya a kan nasa ya ga abin da aka rubuta. Kar a yarda mutum ɗaya ya sa hannu a madadin unguwa a ɗakin otal. In an zauna a sansani kuma, makewayin mata daban da fitila, ruwan sha a tafasa ko a sa masa sinadari saboda kwalara, kuma a samu mace babba da yarinya za ta iya gaya wa in wani mai rabon abinci ya nemi ya yi amfani da buhun shinkafa ya ɓata ta, wannan yana faruwa kuma kunya ce ke rufe shi.

In an tauye ku, ku bi daki-daki kar ku fara da Facebook. A fara da shi mai aikin ko jami'in, mutum uku su je ba mutum ɗaya ba. In ya ƙi a kai wa uwar ƙungiya da mai unguwa ko dagaci, sau da yawa a nan maganar take ƙarewa don ba ɗan kwangilar da ke son a ce leburorin gari sun daina zuwa aikinsa. In ta ƙi ci, maganar aiki ta tafi ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke babban birnin jiharku, daga nan kotun ma'aikata. Maganar tallafi ko rushe gidaje ta tafi hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ko hukumar karɓar koke-koken jama'a, duka biyun ba a biyan kuɗin shigar da ƙorafi, wanda ba shi da halin lauya kuma ya nemi ofishin Legal Aid mai ba da lauya kyauta. Duk inda za ku je ku riƙe kwafi ba ainihin takarda ba, ku rubuta ranar da kuka je da sunan wanda ya karɓe ku, kuma kafin ku fito ku tambaye shi wace rana za ku dawo.